Wutar Sola Na Ɗaukewa Da Tsakar Dare

Tambaya: Na haɗa sola a gida, amma ƙarfe 1 na dare wuta ke ɗaukewa. Mai haɗin ne ya cuce ni?

Amsa: Malam, kada ka yi saurin zargi. Fara duba farantin da ke kan rufi. Idan ka ja yatsa ka ga layi ya fito cikin ƙurar hunturu, hasken rana ba ya shiga sosai. Ka wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin ya yi zafi.

Sai batiri. Mai 200Ah, volt 12, yana riƙe wat-awa 2,400, amma in na ruwa ne, rabi kawai ya kamata ka ci. Tatse shi kullum na kashe shi da wuri. Guga kuwa, da yake tana cin wuta sosai, a yi ta da rana.