Lambar 46 da ke jikin buhun taki

Tambaya: Malam, ni ɗalibar lise ce a Gidan Rumji. Lissafin kashi cikin ɗari a darasin kimiyyar sinadarai ya gagare ni. Ta ina zan fara?

Amsa: 'Yata, fara daga gonar geron babanki. Dubi buhun takin yuriya, za ki ga an rubuta 46. Ƙwayar yuriya tana ɗauke da kabon ɗaya mai nauyi 12, oksijin ɗaya 16, azot biyu 28, haidirojin huɗu 4. Jimla 60. Raba 28 da 60, ki ninka da 100, ki samu 46.7, wato kashin azot cikin ɗari, kusan 46 ɗin da ke jikin buhun. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ba shuka azot wajen kilo 23.

Komawa baya, daga kashi cikin ɗari zuwa adadin ƙwayoyi, shi ne inda ɗalibai ke tuntuɓe, don haka ki natsu. Idan aka ba ki kabon 20, haidirojin 6.7, azot 46.7, oksijin 26.7, raba kowanne da nauyin ƙwayarsa guda ɗaya, ki samu 1.67, 6.7, 3.34, 1.67. Sai ki sake raba su duka da ƙaramin cikinsu, su zama 1, 4, 2, 1, wato CH₄N₂O. Ina roƙonki, kada ki yi gaggawar cike lamba kafin wannan rabon na ƙarshe.