Labarin Gidan King Da Gwanjon Bijimansu

Filin Manoma

Akwai wata al'ada da ta ke karya garke a hankali, mai shi bai sani ba. In bukatar kuɗi ta taso, sai a kama bijimin da ya fi kowane kyau a kai shi kara, domin shi ne mai tsada. Ƙananan da suka rage, masu ƙashin baya a waje, su ne za su yi ta barbarar shanun. Bayan shekara goma sai a ga yawa na nan, amma girma da nono sun ragu. Darasin wannan mako labarin wani gida ne a Amurka da ya bi wata hanya dabam, har ya fito da sabon irin shanu.

Asalin gidan

A kudancin jihar Teksas, kusa da iyakar Meksiko, akwai wata ƙasa mai zafi da ƙaya da ƙarancin ruwa. Wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Richard King ya sayi fili a can cikin 1853, eka 15,500, a bakin wani rafi da a ke kira Santa Gertrudis. Cikin 1854 ya tafi wani ƙauye a Meksiko da fari ya dama, ya saye shanunsu. Da ya ga ya raba mutanen da abin zamansu, sai ya ce su biyo shi su yi masa kiwo, suka kuwa bi shi da iyalinsu. Jikokinsu sun gāji aikin, ɗa bayan uba.

King ya mutu cikin 1885, ya bar ƙasa mai faɗi da bashi mai nauyi. Matarsa Henrietta ta riƙe gidan shekara 40, surukinta Robert Kleberg yana kula da aikin. Akwai abu biyu manya da ya gyara. Na farko ruwa: cikin 1899 aka haƙa rijiya mai zurfi ƙwarai, ruwa ya ɓullo da kansa. Na biyu kaska, wadda ta ke sa wa shanu zazzaɓi: ya gina kwarmin wanka, a zuba magani, a kora shanu su bi ta ciki.

Neman irin da ya dace

Shanun ƙasar na asali dogayen ƙaho gare su, suna jure wahala, amma ba nama. Aka kawo jajayen shanun Ingila da a ke kira Shorthorn. Waɗannan suna da nama, sai dai zafi da ƙwari suna kā da su. Akwai kuma shanun da asalinsu daga Hindu ne, Amurkawa suna ce da su Brahman. Masu tozo ne kamar Bunaji da Gudali, ba su damu da rana ba, kaska ba ta cin su sosai.

Cikin 1910 wani maƙwabci ya ba gidan kyautar bijimi ɗaya, rabinsa Brahman, rabinsa Shorthorn. Da aka ga 'ya'yansa sun fi sauran girma, sai cikin 1918 aka sayo bijimai 52 masu jinin Brahman, aka sake su cikin shanun Shorthorn. Robert Kleberg ƙarami, watau jikan King, shi ya ɗauki nauyin wannan aiki. Yana duba maruƙa ɗaya ɗaya, yana neman ja mai nama wanda zafi ba ya dame shi.

Cikin 1920 aka haifi wani jan maraƙi mai yawan wasa, makiyaya suka sa masa suna Monkey, watau Biri. Ya yi saurin girma, ga sanyin hali. Amma abin da ya ɗaukaka shi, 'ya'yansa kamarsa su ke fitowa. Kafin ya mutu cikin 1932 ya bar bijimai fiye da 150 waɗanda aka yarda da su. Aka yi ta haɗa zuriyarsa, ana fid da duk wanda ya kāsa. Cikin 1940 Ma'aikatar Gona ta Amurka ta yarda wannan iri ne mai zaman kansa, sunansa Santa Gertrudis. In an kasa jininsa kashi 8, kashi 5 na Shorthorn ne, kashi 3 na Brahman. Daga bijimin kyauta zuwa wannan rana shekara 30 ke nan.

Gwanjon shekara shekara

Cikin 1950 gidan ya yi gwanjonsa na farko a fili. Aka fito da bijimai 29, aka sayar, in an raba kuɗin daidai kowane ya haura dala 3,000. Daga nan abin ya zama al'ada shekaru da yawa, ana haɗawa da dawakin kiwo na gidan, masu saye suna zuwa daga ƙasashe masu nisa. Cikin 1952 aka kai irin Ostareliya da Kyuba. A Ostareliya ma gwanjo aka fara da shi a wannan shekara, bijimai 12. Gonar Kyuba kuwa gwamnatin Kastro ta ƙwace ta bayan juyin mulkin 1959.

Cinikin gwanjo ya bambanta da na kara. A kara dillali ne ya ke shiga tsakani, a yi ciniki ƙasa ƙasa, mai saye ba abin da ya sani sai abin da idonsa ya gani. A gwanjon iri kuwa tun kafin ranar a ke buga takarda. Kowane bijimi da lambarsa, da ranar haihuwarsa, da uwarsa da ubansa, da nauyinsa. Ran gwanjo sai a shigo da shi cikin da'ira, mai shela yana kiran kuɗi, kowa yana tayawa a gaban jama'a, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Mai saye ba nama ya ke saye ba, 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna ya ke biya. Saboda haka amana ita ce jarin gidan. In ya sayar da bijimi maras kirki bana, baɗi kujeru za su zama wofi.

Abin da manomi zai koya

Kada wani ya ce sai ya samo jan bijimin Amurka. Gidan King ya ci nasara ne don ya nemi irin da ya dace da ƙasarsa, shanun ƙasar nan kuwa sun riga sun saba da tasu. Hanyar ce abin koyi:

1. A fara da ruwa da abinci da maganin kaska. Iri mai kyau ba ya nuna kansa a jikin saniya mai yunwa.

2. Bijimi rabin garke ne. Saniya ɗa guda ta ke bayarwa a shekara in an yi sa'a, bijimi kuwa yana iya barbarar shanu 25 ko 30. A ajiye mafi kyau, a dandaƙe sauran a yi noma da su ko a turke su don kasuwa.

3. A auna bijimi da 'ya'yansa, ba da ƙahonsa ko launinsa kaɗai ba. A tambayi nonon uwarsa.

4. A rubuta. Ƙaramin littafi ya isa: sunan saniya, ranar da ta haihu, da bijimin da ya hau ta. Malamin gona ko malamin dabbobi zai nuna yadda a ke jan layukan.

5. Mai ƙaramin garke kada ya bar bijimi ya hau 'ya'yansa. Gidan King yana da dubban shanu da zai zaɓa ya zubar, mai shanu 20 ba shi da wannan hali. Bayan shekara uku ya yi musaya da maƙwabci amintacce.

Ɗan kasuwa ma yana da rabonsa. Wanda aka san shi da sayar da bijimin iri na gaskiya, yana faɗin asalinsa ba ƙari, masu saye za su neme shi har gida. Aikin ba na shekara ɗaya ba ne, amma maraƙin da aka zaɓa da daminar bana, bayan shekara huɗu za a fara ganin 'ya'yansa a garke.