Darasin Mako: Haƙƙin Karatu na Yaranmu Masu Naƙasa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW), da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, duk wanda ke bin hanyar Madalla zuwa Suleja ya san yaran da ke jan jiki a bakin titi suna bara. Mukan miƙa musu naira hamsin mu wuce. To amma mun taɓa tambayar kanmu me ya hana su zama a aji? A watan jiya na duba rajistar Islamiyyarmu, sai na ga wani yaro mai shan inna ya daina zuwa, alhali ya kai izu biyar. Da na je gidansu, mahaifiyarsa ta ce ya yi nauyi, yayansa ba ya iya ɗaukarsa ya hau matakala ukun nan na ƙofar aji, kuma in fitsari ya kama shi sai dai ya riƙe har a tashi. Wallahi na ji kunya. Wannan ne dalilin darasinmu na yau.

Na farko: abin da addini ya koyar

Mun san dalilin saukar farkon Suratu Abasa. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ya zo neman ilimi a lokacin da Annabi (SAW) ke magana da manyan Ƙuraishawa, sai Allah ya saukar da ayoyi a kan haƙƙinsa. Daga baya ya zama ladani, har Annabi (SAW) yakan bar masa Madina idan zai fita. Ku lura, ilimi ya zo nema, kuma a kan wannan aka yi maganar.

Ga kuma Aɗa'u ɗan Abu Rabah, cikin tabi'ai. Baƙar fata ne, gurgu, hannunsa shanyayye, daga baya ya makance. Duk da haka shi ya zama muftin Makka bayan Ibn Abbas, har a lokacin aikin Hajji gare shi ake tura masu neman fatawa. Da iyayen gidansa sun ce gurgu ba ya karatu, da al'umma ta yi babbar asara. Shari'a ta sauƙaƙa wa gurgu tsayuwa a salla da fita yaƙi, amma ba ta ɗauke masa neman ilimi ba.

Na biyu: abin da dokar ƙasa ta ce

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci. Dokar ta ba su haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta kuma hana amfani da mai naƙasa wajen bara, wanda ya yi haka yana iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Saboda haka idan makarantar gwamnati ta ƙi karɓar ɗanka don gurgu ne, kada ka ce ƙaddara ce ka koma gida. Ka zo mu raka ka.

Na uku: wace makaranta?

A nan mutane ke rikicewa. Makaho yana buƙatar malamin da ya iya rubutun makafi, kurma yana buƙatar wanda ya iya maganar hannu. Irinsu akwai makarantar makafi a Jabi da ta kurame a Kuje, duka a Abuja, 'yan Kano kuma sun san ta Tudun Maliki. Amma yaron da ƙafa ko hannu ne ya samu matsala, yawanci makarantar unguwa ta ishe shi, in dai an gyara abu huɗu:

1. Hanyar shiga. A yi gangara ta siminti a gefen matakala. Ƙa'idar magina ita ce kowace ƙafa 1 ta tsayi a ba ta ƙafa 12 na tsawo. Matakala uku kusan ƙafa ɗaya da rabi ne, ke nan gangarar za ta kai ƙafa 18. In ta gaza haka keke yana iya kifewa da yaro. Ƙofa kuma ta kai ƙafa 3.

2. Bayan gida da wurin alwala. Mai walda ya kafa ƙarfen riƙewa a bango, a sa wurin zama, a daina barin ƙasa da santsi.

3. Zama a aji. A ajiye ajinsa a ƙasa, kusa da ƙofa, cikin 'yan uwansa. Wanda hannunsa ba ya riƙe alƙalami sosai a ƙara masa lokaci ko a tambaye shi da baki.

4. Bakin yara. Malam ya hana kiran yaro da sunan lalurarsa. Sau da yawa tsokana ta fi matakala korar yaro.

Sai maganar keke. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa su suke ƙera keken guragu da hannunsu suna sayarwa. Kun ga ke nan wanda aka koya wa sana'a ya fi ƙarfin bara.

Iyaye mata, a ci gaba da kai yara rigakafi. An tabbatar da kawar da asalin ƙwayar shan inna daga Najeriya a Agustan 2020, amma sakaci na iya jawo mana wata.

Aikinmu na wannan mako

Kwamiti ya amince a fara da gangarar Islamiyya da bayan gida ɗaya. Masu sayar da siminti da ƙarfe da magina a cikinmu, ga sadaka mai gudana ta zo har ƙofar shago. Wanda kuma ya san gidan da aka ɓoye irin wannan yaro don kunya, ya same ni ko Malam Liman bayan salla, magana ba za ta fita ba. Shi wancan yaron mun yi wa mahaifiyarsa alƙawarin zai dawo ya ɗora daga izu na shida. Kada mu ba ta kunya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.

Sakataren Masallaci