Gargaɗi Ga Iyaye: Kada Mu Gadar Wa 'Ya'yanmu Talauci

A watan Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon wani babban bincike kan halin rayuwar 'yan Najeriya. Ma'aikata sun bi gida-gida suna tambaya: wane ruwa ake sha, da me ake girki, yaya nisan asibiti, yara nawa ke zuwa makaranta? Aka gano mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A Sakkwato abin ya kai kashi 91, alhali a Ondo 27 ne kawai.

To jama'a, cikin duk waɗannan fuskoki babu mai haɗari kamar barin yara ba karatu, domin shi ne ke miƙa talaucin uba ga ɗa, na ɗa ga jika. Uban da ya cire ɗansa daga aji ya tura shi tashar mota, ko ya ɗora wa 'yarsa farantin talla da sassafe, tamkar manomi ne da yunwar bazara ta sa ya buɗe rumbu ya cinye iri. Ranar ya ƙoshi, har ya yi gyatsa. Amma da ruwan shuka ya sauka, maƙwabta suka fita da sungumi, shi sai zaman gindin bishiya. Kaka ta yi, ga shi ƙofar gidansu da ƙwarya a hannu.

Kada wani ya fake da cewa arziki na Allah ne. Haka ne, amma Allah ɗin ne ya ba ka amanar yaron, kuma zai tambaye ka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ma ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Mai samun kuɗin biki da anko, amma ya ce littafi ya gagare shi, ya ji kunya!

Sauran fuskokin talaucin kuwa maganinsu sananne ne: a tafasa ruwan sha, a haƙa masai, a kai mai ciki awo, a rage wa mata hayaƙin itace. Hukuma ita ma ta gyara azuzuwa, ta biya malamai a kan kari.

Iyaye da masu unguwanni da limamai, kowa ya duba gidansa da unguwarsa, duk yaron da ya isa shiga makaranta a kai shi. Allah ya sa mu gane.