Wayarka Ta Dace Da Hannunka? Darasi Daga Maƙera Bindiga Da Masu Sassaƙa Ƙota

Manomin da ya je sayen ƙotar fartanya ba ya biyan kuɗi sai ya riƙe ta ya ji yadda ta zauna masa a tafin hannu. Idan ta yi kauri, masassaƙi ya rage; idan ta yi santsi, a gyara. Amma ɗalibin Samaru da ya shiga shagunan waya na PZ ko kasuwar Sabon Gari, tambayarsa ba ta wuce kyamara da batir da girman ma'ajiya. Da wuya ya tsaya ya duba ko wayar da zai wuni riƙe da ita ta dace da hannunsa. Sakamakon wannan sakaci iri biyu ne: fashewar gilashi da ciwon babban yatsa.

Abin da maƙera bindiga suka gano

Masu ƙera ƙananan bindigogi sun daɗe da sanin cewa hannu ba iri ɗaya ba ne. A shekarar 2010 kamfanin Glock na ƙasar Ostiriya ya fitar da zubi na huɗu na bindigoginsa da wasu ɓangarori da ake maƙalawa a bayan mariƙi, domin mai babban hannu ya ƙara masa kauri. A 2017 kuma rundunar sojan Amurka ta zaɓi bindigar SIG Sauer P320, wadda mariƙinta ke zuwa da girma uku: ƙarami, matsakaici da babba. Dalilin ɗaya ne. Idan mariƙi ya fi ƙarfin hannu, yatsa ba ya kaiwa inda ya kamata sai mutum ya karkatar da wuyan hannunsa, riƙon kuma ya lalace.

A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta hana mallakar bindiga ko gyara ta ba tare da lasisi ba, don haka wannan aiki na hukumomi ne. Abin ɗauka a nan shi ne ƙa'idar: kayan aiki ake daidaitawa da hannu, hannu bai kamata ya wahala don kayan aiki ba.

Yadda waya ta fi ƙarfin hannu

iPhone ta farko da ta fito a 2007 tana da fuska mai inci 3.5, faɗinta milimita 61, nauyinta giram 135. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung da ke hannun matasa a yau fuskarsu ta haura inci 6.5, faɗinsu ya kai kusan milimita 75, nauyinsu kuma ya doshi giram 200, musamman saboda manyan batura. Waya ta girma, hannu yana nan yadda yake.

Shi ya sa mutane da yawa ke tallafe gindin waya da ƙaramin yatsa, suna miƙa babban yatsa har ƙarshen fuska. Yawan maimaita wannan motsi na iya takura jijiyoyi biyu da ke bi ta gefen wuyan hannu zuwa babban yatsa. Likitoci na kiran kumburin wurin da sunan De Quervain, wani likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan da ya yi bayaninsa a 1895.

Gwaji uku kafin a biya kuɗi

1. A riƙe wayar da hannu ɗaya. Idan babban yatsa da ɗan tsakiya sun yi nisa da juna sosai a kewayenta, wayar ta yi faɗi.
2. A gwada taɓa harafin da ke ɗaya gefen madannai da babban yatsa. Idan sai an gusar da wayar a tafin hannu kafin a kai, a daidai wannan lokacin ne take suɓucewa, musamman a kan babur ko cikin Keke Napep.
3. A riƙe ta minti biyu ana karatu. Idan ƙaramin yatsa ya fara nauyi, to wayar ta yi wa hannun nauyi.

A yi gwajin da rigar waya a jikinta, domin riga mai kauri tana ƙara faɗi da nauyi.

Gyaran wayar da aka riga aka saya

*Riga:* A zaɓi siririya mai kaushi-kaushi a gefe. Gumin bazara da bushewar hannu a lokacin hunturu duk suna sa bayan gilashi santsi.

*Zobe ko maƙalli:* Shi ne ya fi kama da ƙarin da ake yi wa mariƙin bindiga, domin yana ɗauke nauyi daga ƙaramin yatsa ya mayar wa yatsun tsakiya. Kafin a manna, a riƙe wayar yadda aka saba, a yi alama inda ɗan tsakiya ya sauka. A goge wurin ya bushe. Gam ba ya kama rigar silikon da kyau, kuma zoben ƙarfe yana hana cajin da ba ya buƙatar waya.

*Saiti:* Daga Android 12 akwai tsarin One-handed mode da ke janyo saman fuska zuwa ƙasa; a rubuta sunansa a wurin bincike na saiti. A iPhone sunansa Reachability. A madannan Gboard, a danne alamar waƙafi na ɗan lokaci, a zaɓi hoton hannu, madannan za su matso gefe ɗaya. A kuma sauko da WhatsApp da sauran manhajojin da aka fi buɗewa zuwa layin ƙasa.

Kada a kankare jikin waya ko a huda shi don gyaran riƙo. Batirin lithiyam yana daf da murfin baya, kuma idan ya huje yana iya kamawa da wuta.

Lokacin ganin likita

A naɗe babban yatsa cikin tafin hannu, a dunƙule sauran yatsu a kansa, sannan a lanƙwasa wuyan hannu a hankali zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa. Zafi mai tsini a gindin babban yatsa alama ce ta takurar jijiya. A rage rubutu da hannu ɗaya, a riƙa amfani da hannu biyu ko saƙon murya. Idan ciwon ya wuce mako biyu, ko ya zo da kumburi ko mutuwar yatsu, a je asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen gashin ƙashi da ke duba irin wannan matsala.