Aikin Haɗin Gwiwa na Ɗaliban Injiniya

Dukiyar ƙasa tana da iyaka, saboda haka wajibi ne injiniya ya san yadda zai biya bukata da kuɗi kaɗan ba tare da tauye ingancin aiki ba. Akwai fannin lissafi domin wannan, wanda Leonid Kantorovich ya aza harsashinsa a Tarayyar Sobiyet a 1939, George Dantzig kuma ya bunƙasa shi a Amurka a 1947.

A jami'o'i akan kasa ɗalibai rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni matsala ta zahiri, kamar jawo ruwa zuwa wani gari. Bututu mai faɗi yana da tsada, amma ruwa yakan wuce cikinsa da sauƙi. Siriri yana da araha, amma injin tura ruwa zai sha mai da yawa. Sai wani ɗalibi ya auna nisa da tudu, wani ya tattaro farashi, wani ya sa lissafin cikin kwamfuta. Daga nan su zaɓi bututun da kuɗin sayensa da na mai, in an haɗa na shekaru, suka fi sauƙi.

Ana roƙon hukumomin ruwa da masu masana'antu su riƙa ba ɗalibai alƙaluma na gaskiya, domin lissafin da aka gina bisa kuskure jama'a ne ke ɗaukar asararsa.