Yadda Ake Sauke Ƙarfe a Gindin Wuya Ba Tare da an Lalata Kafaɗa ba

Vince Gironda mutum ne mai taurin kai a harkar gina jiki. Ya yi shekaru masu yawa yana horar da masu ɗaga ƙarfe a gidan motsa jikinsa da ke Kalifoniya ta ƙasar Amurka, kafin rasuwarsa a 1997. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Larry Scott, wanda ya fara lashe gasar Mista Olimfiya a 1965. Gironda bai yarda da turin benci na yau da kullum ba, wato wanda mutum zai kwanta rigingine ya sauke ƙarfe a tsakiyar ƙirji ya tura shi sama. A ganinsa, gaban kafaɗa ne ke cinye aikin, ƙirji ya tashi da ragowa. Sai ya riƙa sa ɗalibansa su buɗa hannu sosai, su ware gwiwoyin hannu gefe da gefe, su sauke ƙarfen a gindin wuya. Masu harkar suka laƙaba wa wannan salo sunan gilotin, na'urar nan da Faransawa suka riƙa fille kan mutane da ita, kuma duk wanda ya ga inda ƙarfen ke sauka ya san ba a banza aka sa sunan ba.

Salon yana aiki, wannan babu musu. Tsokar ƙirji tana da reshe biyu. Ɗaya ya taso daga ƙashin nan da ya miƙe daga gindin wuya zuwa kafaɗa, ɗayan kuma daga ƙashin tsakiyar ƙirji da haƙarƙari, duka suka haɗu suka kama ƙashin damtse. Babban aikinsu shi ne jawo damtse daga gefe zuwa tsakiya. Idan ka ware gwiwar hannu har ta daidaita da kafaɗa, tsokar tana miƙewa iyakar miƙewa, kuma ita ce za ta ɗauki mafi yawan nauyin. Abin da Gironda ke nema ke nan. Matsalar ita ce wannan zaman da ke wa ƙirji daɗi shi ne wanda gaɓar kafaɗa ta fi ƙi.

Dalili kuwa a ƙirar gaɓar yake. Kan ƙashin damtse dunƙulalle ne, ramin da yake zaune a ciki kuma ba shi da zurfi, shi ya sa hannu ke iya juyawa kowane ɓangare. Abin da ke riƙe da shi tsokoki ne ƙanana guda huɗu da suka taso daga allon kafaɗa, sai kuma jijiyoyi da wata jaka da ta lulluɓe gaɓar. Jijiyar ɗaya daga cikin tsokokin nan huɗu tana ratsawa ta wani ɗan matsattsen wuri a ƙarƙashin ƙashin da ya yi wa kafaɗa rufi. Idan damtse ya ɗaga ya daidaita da kafaɗa, ga nauyi a bisa, wurin nan na iya ƙara matsewa, jijiyar ta riƙa gugar ƙashi. Idan kuma gwiwar hannu ta zarce ƙasa da benci, kan ƙashin damtse yana turo jakar gaɓar ta gaba. Sau ɗaya ba komai. Amma a yi ta yi da nauyi mai yawa mako bayan mako, sai mutum ya wayi gari ba ya iya sa riga sai da cije baki.

Saboda haka matakin farko ba a kan benci yake ba. Wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa, ko aka yi masa aiki a wurin, ko yake jin zafi idan ya ɗaga hannu ya ɗauko abu a sama, wannan motsa jikin ba nasa ba ne, ya haƙura. Haka wanda bai daɗe da fara ɗaga ƙarfe ba, har sai ya ƙware a turin benci na yau da kullum. Sauran kuma su yi gwaji da sandar tsintsiya ko kowace sanda marar nauyi: ka kwanta, ka riƙe ta da faɗi, ka sauke ta a hankali zuwa saman ƙirji. Idan ka ji ja a faɗin ƙirji, to madalla. Idan kuwa ka ji tsinke ko suka a gaban kafaɗa, a cikin gaɓar, jikinka ya riga ya ba ka amsa.

Sai shirya wuri, kuma nan ne ba a yin sassauci ko kaɗan. A watan Satumba na 2009, Stafon Johnson, ɗan wasan ƙwallon Amurka na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, yana turin benci da nauyin da ya kai kilo 125, ƙarfen ya suɓuce daga hannunsa ya faɗo masa a maƙogwaro. Sai da likitoci suka yi sa'o'i suna masa aiki kafin a ceto ransa. Turin benci na yau da kullum yake yi, kuma da mai tsaya masa a kusa. To ina ga wanda da gangan yake kai ƙarfen saitin maƙogwaro? Ka shigar da bencinka cikin kejin ɗaga ƙarfe mai ƙarafan tarewa a gefe biyu. Ka kwanta, ka sa a ɗora sandar babu faifai a kan ƙarafan tarewar, ka duba: dole ne ta tsaya sama da wuyanka, da sarari kamar faɗin yatsu biyu ko uku. Idan ta taɓa wuya, a ɗaga ƙarafan rami ɗaya a sake gwadawa. Bayan haka ma ka nemi wanda zai tsaya a saitin kanka, hannuwansa kusa da sandar, idonsa a kanka ba a kan waya ba.

A unguwanninmu samari da yawa suna ɗaga ƙarfen gida, bututu da siminti da aka zuba a gwangwani, a kan bencin katako. Wannan ya isa a gina ƙirji da shi, amma ban da wannan salon. Nauyin ɓangarorin biyu ba ya cika daidaita, siminti ba a rage shi, kuma babu abin da zai tare ƙarfen idan hannu ya gaza.

Kafin ka kwanta ka ɗumama jiki: minti biyar zuwa goma na juya hannuwa, jan roba zuwa fuska, da tura ƙasa kaɗan, har ka ji kafaɗun sun saki.

Yanzu kwanciya. Ka daidaita yadda idanunka za su kasance a ƙarƙashin sandar tana rataye. Ka ja allunan kafaɗarka baya su matso juna, ka ɗan sauke su ƙasa, ka danne su a kan benci. Su ne harsashin aikin, kuma idan suka saki, kafaɗa za ta gangaro gaba ta karɓi nauyin da ba nata ba. Gironda yakan sa mutanensa su ɗaga ƙafafu daga ƙasa don baya ya kwanta sosai, ƙafa ta daina taimako. Ni dai ban ba mai koyo wannan shawarar ba. Ƙafa a sama tana rage daidaito, mutumin da ƙarfe ke saitin wuyansa kuwa ba ya bukatar tangaɗi. Ka kafa tafin ƙafafunka a ƙasa, bayanka ya ɗan lanƙwasa yadda Allah ya halicce shi, ba irin gantsarewar masu gasar nauyi ba.

Riƙo shi ne abu na gaba. Ka buɗa hannu fiye da faɗin kafaɗa, kamar faɗinta ɗaya da rabi. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce, idan sandar ta sauka ƙasa, tsintsiyar hannunka ta kasance a saman gwiwar hannu, hannun daga gwiwa zuwa tsintsiya ya tsaya cak. Sandar gasa tana da zobe biyu da aka zana a jikinta, su za su nuna maka ko hannuwanka sun daidaita hagu da dama. Sandar ta zauna a gindin tafin hannu, ba a kan yatsu ba, don kada tsintsiyar hannu ta karye baya. Babban yatsa kuma ya zagaye sandar ya kulle ta. Akwai masu barin babban yatsa a gefe ɗaya da sauran yatsu, wai sun fi jin ƙirji haka. A wannan motsa jikin kada ka kuskura, domin babu abin da zai hana sandar mirginowa daga tafinka.

Nauyi fa? Sandar gasa ita kaɗai kilo 20 ce, da ita za ka fara, ko da kana tura kilo 100 a benci. Daga baya ka riƙa ƙara ƙananan faifai, ka sa makulli a bakinsu, amma kada ka wuce kusan rabin abin da ka saba turawa. Wannan ba wurin gwada ƙwanji ba ne. Wanda ya shigo da nufin burge abokai ya koma wani benci.

Mai tsaya maka ya taya ka ciro sandar daga maratayi, don kada allunan kafaɗa su kwance wajen miƙa hannu. Ka tsayar da ita a saitin kafaɗunka. Ka shaƙi iska ka cika ƙirji, ka ɗan ɗaga haɓa, sannan ka fara saukewa a hankali, daƙiƙa biyu zuwa uku. Gwiwoyin hannu suna warewa gefe, amma ba sai sun daidaita da kafaɗa cif ba. Ka bar su su ɗan yi ƙasa kaɗan, wajen digiri 75 zuwa 80 daga haƙarƙari maimakon 90. Ɗan wannan ragin yana sauƙaƙa wa gaɓar ƙwarai, ƙirji kuma bai yi asarar komai ba.

Inda sandar za ta nufa shi ne gindin wuya, daidai ƙasusuwan nan biyu da suka haɗu a saman ƙirji, ba maƙogwaro ba. Kuma ba dole ne ta taɓa jiki ba. Ka tsaya a inda damtsenka ya daidaita da benci, ko ya ɗan zarce kaɗan. Mai dogon hannu da siririn ƙirji zai ga sandar ta tsaya da sauran tazara, wannan daidai ne, kada ya matsa sai ta taɓa. A nan ƙasa ne tsokar ƙirji ta fi miƙewa, nan ne kuma ta fi yagewa ga masu sako nauyi da ƙarfi, don haka babu dukan ƙirji da sanda, babu fizga. Ka dakata kamar daƙiƙa ɗaya, sannan ka tura sama a miƙe, kana ji kamar za ka haɗa damatsanka biyu a tsakiya, kana fitar da iska. A sama kada ka miƙa kafaɗa ta bi sandar, allunan su zauna inda ka ajiye su.

Ka yi sau 8 zuwa 12 a zagaye ɗaya, zagaye biyu ko uku, sau ɗaya a mako, kuma bayan ka gama babban aikin ƙirji na ranar. An san Gironda da tsarin zagaye 8 na sau 8 da gajeren hutu, amma wannan na waɗanda suka daɗe a harkar ne. Kowane zagaye ka ajiye sandar da sauran ƙarfin turi biyu ko uku a hannunka. A wasu motsa jikin mutum kan tura har hannu ya mutu, a nan ba a yin haka. Wajen mayarwa ma ka miƙe hannu tukuna, ka kai sandar baya har ta bugi maratayi, ka tabbata ta zauna hagu da dama kafin ka saki.

Ka kula da bambancin gajiya da ciwo. Zafin da ya bazu a faɗin ƙirji, ya lafa bayan kwana biyu, na aiki ne. Suka a wuri ɗaya a gaban kafaɗa, ƙara mai zuwa da zafi, mutuwar yatsu, ko ciwon da ke hana ka kwanciya a gefen da dare, waɗannan alamar tsayawa ce nan take. Idan ya wuce mako biyu bai sauka ba, ko ka ga hannun ya rasa ƙarfi, ka je wurin likitan ƙashi ko masu gashin ƙashi na asibiti. Ka kuma riƙa jan nauyi zuwa ciki da sauran aikin baya daidai yawan turin da kake yi, domin su ne ke ƙarfafa tsokokin da ke riƙe allon kafaɗa.

Akwai masu yin sa a injin nan mai sanda da ke bin layi sama da ƙasa, suna ganin ya fi aminci. Sai an ɗaure matsayansa na ƙasa sama da wuya tukuna, in ba haka ba ya fi sandar hannu haɗari, tunda ba a iya karkatar da shi gefe. Wanda kuma burinsa kawai saman ƙirji ya cika, benci mai jingina na digiri 30 da ƙananan ƙarafa na hannu biyu zai kai shi kusan inda yake so, kafaɗarsa na juyawa yadda ta ga dama, babu komai a saitin maƙogwaronsa. Ga mafi yawan masu zuwa gidan motsa jiki, wannan ya fi. Salon Gironda na mai lafiyayyar kafaɗa ne, mai keji da ƙarafan tarewa, mai haƙurin ɗaukar nauyi kaɗan. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace maka, ka bar shi.